INA SARKIN SAMARI YA SHIGA? TARIHIN MASU TAYAR DA MATASAN GOBIR TSAYE

Rubutun yau mai tsawo ne, wanda ke cikin sauri ya adana shi sai ya samu sukuni.

Na san duk wanda ya ga na ɗauko maganar kokawa da langa da ƙwallo a wanga lokaci zai ce, Malam, ana ta kai wa ke ta kaya? Da gaskiyarsa. Yau in an ambaci Sabon Birni ko Isa a rediyo, kafin mai labarai ya ƙarasa magana gabanka ya riga ya faɗi: ko an tare hanya, ko an kwashe mutane a gona, ko an aza wa wani ƙauye kuɗin da ba shi da su. Amma a ganina wannan magana tana cikin maganar kai. Tambayar ita ce, in gari ya waye, wa ke jan samarinmu, kuma ina yake kai su? Kakanninmu sun daɗe da amsa wannan tambaya, har suka yi mata sarauta. Sunanta sarkin samari.

ƘASAR DA TA RAYU DA ƘAFAFUN SAMARINTA

Bari mu fara da ƙasar kanta. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa a gefen Gulbin Rima, kuma a nan ne Bawa Jan Gwarzo ya yi zamaninsa. Kufan birnin yana cikin ƙasar Sabon Birni har gobe. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa, Sarki Yunfa ya mutu a wurin. Gobirawa ba su zauna ba. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda. Waɗanda suka tsira suka bi Mayaƙi suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya baro Tsibiri da jama'arsa, ya dawo kusa da tsohon gida ya kafa Sabon Birni. Isa kuma tana ɓangaren Sakkwato, mai riƙe da ita shi ma ana kiransa Sarkin Gobir.

Kun ga ke nan ƙasar nan bakin iyaka ce tun kafin Bature ya zo da taswirarsa. Garin da ke bakin iyaka kuwa da ƙafafu da damatsan samarinsa yake rayuwa. Su ke gyaran ganuwa da rani, su ke saran ƙaya a kange gari, su ke haƙa rijiya, su ke rugawa da saƙo zuwa ƙauye na gaba, su ke noma nesa da ganuwa da kunne ɗaya a daji. Sarki yana ba da umarni, amma ba shi ke bin zaure-zaure yana tashin yara ba. Dattijo ma in ya kira saurayi sai ya zo, amma yana jan ƙafa. Wanda ke kira a taso da gudu shi ne tsara, wanda kuka yi kaciya lokaci ɗaya, wanda ya san iyakar ƙarfinka kuma ba ka son ya ga gazawarka. Hausawa sun gane haka, sai suka ba tsaran nan muƙami.

YADDA SARAUTAR TAKE

Sarautar samari ba ta gado ba ce. Samarin gari ko na unguwa su ke duba wanda ya fi su haƙuri da kyauta da iya magana, wanda jikinsa ba ya ƙyuya, su kai sunansa ga mai gari ya amince. Shi kuma sai ya yi fadarsa irin ta manya, da waziri da galadima da mai shela. 'Yan mata su ma suna da shugabarsu. Sunanta ya bambanta daga gari zuwa gari, amma aikin ɗaya ne: ta san wadda ta fito dandali da wadda ba ta fito ba, kuma ita ke tsaya musu in an yi biki.

Ba shi da albashi, ba shi da ɗan doka. Makaminsa biyu ne kawai, tara da kunya. Wanda aka kira aikin gayya ya noƙe, a ci shi tarar goro. Wanda ya yi taurin kai a ƙaurace masa, ranar bikinsa ya ga wa zai kafa masa rumfa. Ku dubi hikimar abin. Yau likita zai ce maka ka riƙa tafiyar ƙafa saboda hawan jini, ka ce to, kana fita asibiti ka hau kabu-kabu. Amma in abokanka goma suka tsaya ƙofar gidanku da asuba da hauya a kafaɗa, ga ganga tana tashi, ga ƙannenka mata suna leƙe, wallahi ko zazzaɓi kake sai ka miƙe.

Mutanen da ba su da wani abu daban da suke kira motsa jiki. Shekarar ce gaba ɗaya aka tsara ta a kan motsi, kowane lokaci da irin nasa.

Da damina, gayya. Mai gona, ko surukin da ake son a faranta wa, ko tsohon da ba shi da mataimaki, ya aika wa sarkin samari da goro. A sa rana. Matan gida su dama fura su tuƙa tuwo. Samari su jeru kowa da kunyarsa, makaɗan noma suna biye suna kiran sunan wanda ya yi gaba, suna yi wa na baya zambo. Gonar da za ta ci wa mutum ɗaya mako biyu, kafin azahar an gama ta. Wanda bai taɓa riƙe hauya ba zai ɗauka aiki ne kawai. Wanda ya yi ya san gasa ce, kuma a nan uban yarinya ke gane wanda zai iya ciyar da ɗiyarsa.

Da kaka, in an ɗaure dammunan gero an cika rumbu, sai kokawa. Jiki ya ƙoshi, wata ya yi fari. Samarin wannan gari su aika wa na wancan da goron gayyata, su kuma su taso a ƙasa, tafiyar awa biyu ko uku, da makaɗansu da 'yan rakiya. A share fili, a zuba yashi, a fara da yara ƙanana, a hau zuwa manya. Ƙa'idar a bayyane take: wanda gwiwarsa ko bayansa ya taɓa ƙasa ya faɗi. Sarakunan samarin ɓangarorin biyu su ke haɗa kowa da daidai da shi, su ke raba rigima, su ke tabbatar da baƙi sun ci sun sha sun koma gida lafiya. Dambe kuma asalinsa na mahauta ne, amma kallonsa na kowa da kowa. Wanda ya taɓa sauraron Ɗan Anace ya san yadda ƙasar Sakkwato da Zamfara ta ɗauki 'yan dambe irin su Shago.

Da rani akwai farauta, akwai su da iyo a gulbi da tafkuna in ruwa ya ja baya. Kullum da dare kuma akwai dandali. Yara maza su yi langa: ka kama ƙafa ɗaya da hannu ta baya, ka yi ta tsalle da ɗayar kana ture abokin karawa da kafaɗa, ɓangarenku na kare wanda aka sa ya zama ruwa har ya kai gida ya sha. Duk wanda ke ganin wasan yara ne ya gwada minti biyar, gobe ya ba mu labarin cinyarsa. 'Yan mata su yi gaɗa, tafi da tsalle da faɗawa hannun ƙawaye a cafe a cilla sama. A rugagen Fulani maƙwabtanmu kuma akwai sharo, wanda shi ma samari ne ke shirya abinsu.

Ga wani abu da ya kamata ɗan Isa ya yi alfahari da shi. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda har yau malaman jami'a ke nazarin hikimarsa, masu tarihinsa sun nuna cewa da ƙuruciya ɗan kokawa ne, kuma da kiɗan noma ya fara kafin ya shiga fada. Ashe fagen kokawa da gonar gayya makaranta ce. A can ya koyi yadda kalma ɗaya ke sa mutum ya manta da gajiya.

Kada in yi muku kwalliyar da ta wuce gona da iri. Dandali yana da nasa aibin. Malamai tun zamanin Shehu Usmanu suna sukar cakuɗuwar maza da mata a wuraren kiɗa, kuma 'yan kokawa da 'yan dambe da yawa sun dogara da layu da tsatsube-tsatsube. Akwai karaya, akwai gaba tsakanin ƙauyuka da ta samo asali daga kaye ɗaya. Amma ƙarfin jiki shi kansa addini bai hana shi ba. Malamanmu su ke karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, kuma ya yi tsere da Nana A'isha. Abin da aka yi ta jayayya a kai shi ne kiɗan da cakuɗuwar.

IYAKA TA RABA MU, KOWA YA BI HANYARSA

A 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Tsibiri da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Zuri'a ɗaya, tsage ɗaya a fuska, ƙasa biyu. Samari dai ba su fasa tsallakawa kokawa da biki ba. Amma bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatocin biyu sun ɗauki wannan gado ta hanyoyi mabambanta, kuma a nan darasin yake.

A Nijar, bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974, gwamnatinsa ta ɗauki tsarin sarkin samari ta mayar da shi ƙungiyar ƙasa baki ɗaya, wadda aka sani da Samariya. Kowace unguwa da ƙauye da tata. Suka gina azuzuwa, suka dasa itatuwa, suka share gari, suka shirya wasanni, aka gina gidajen samariya a garuruwa. A 1975 aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda ake ba zakaranta takobi, kuma ɗan Maraɗi ne, Yakuba Kantu, ya fara ɗaukar takobin. Filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Har yau in ana wannan gasa kusan komai tsayawa yake a Nijar, mu ma nan bakin iyaka kunnenmu na kan rediyo, kowa da gwaninsa.

Sai dai Samariya ta zo da nata ciwon. Da ta zama ta gwamnati, sai ta zama kuma idon gwamnati da bakinta: tarbar manyan baƙi, tafi a wurin taro, kai rahoton wanda ya yi magana. Kountché ya rasu a 1987, siyasar jam'iyyu ta shigo a farkon shekarun 1990, Samariya ta bi ubangidanta ta dusashe. Kokawa ita ta tsira, don tana da saiwa a ƙauye tun kafin a yi gwamnati. Abin da hukuma ta dasa ya bushe da ta daina ban ruwa, abin da jama'a suka shuka ya ci gaba da toho.

A ɓangarenmu na Najeriya kuma hukuma ba ta rungumi sarkin samari ba, ba ta kuma kore shi ba. Ta bi ta gefensa ta wuce. Wasanni suka koma hannun makaranta: faretin safe, gasar gidaje, tsere da tsalle, ƙwallon ƙafa. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya kai makarantu ƙauyuka da yawa, kuma kusan kowace makaranta ta zo da fili. Wannan alheri ne babba, don filayen nan su ne suka haifi kulob-kulob na unguwanni. An fara gasar wasanni ta ƙasa a Legas a 1973, daga baya aka shigar da kokawa da dambe da langa cikinta, kuma a bikin kamun kifi na Argungu ana kokawa da dambe. Amma duk wannan abu ne na lokaci-lokaci, na wanda aka zaɓa aka sa a mota. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ƙarfin masu gari, wanda ke ƙarƙashin inuwarsu shi ma ya ji rana. Da siyasa ta kankama, sai muƙamin shugaban matasa na jam'iyya ya shanye na sarkin samari. Na farko ana nemansa ne lokacin zaɓe, ya tara yara a raba musu abin da aka raba. Na biyun aikinsa shekara ce zagaye.

ABIN DA YA ZAUNAR DA MU

Mu da muka tashi a ƙarshen wancan zamani mun ga abin yana raguwa a hankali, kamar ruwan tafki. Na farko ci-rani ya canza. Da ana tafiya bayan kaka a dawo kafin shuka, sai ya zama samari na shekara a Legas ko Fatakwal ko Abuja, gari ya rage daga tsofaffi sai yara. Gayya ta koma ƙwadago, kowa a biya shi kuɗinsa. Sai babura masu araha suka cika gari a farkon shekarun 2000, tafiyar da kakanka ke yi a ƙasa ya dawo ya yi noma, kai sai ka jira mai kabu-kabu. Sai gidajen kallon ƙwallo. Yaron da ya san sunan kowane ɗan wasan Barcelona da Arsenal, ya yi musu a kansu har jijiyar wuya ta tashi, amma rabonsa da taɓa ƙwallo da ƙafarsa tun firamare. Sai waya ta zo ta ƙarasa.

Wannan ba ciwonmu mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bincike a 2019 da ya nuna cewa sama da kashi 80 cikin 100 na yara 'yan shekara 11 zuwa 17 masu zuwa makaranta a duniya ba sa samun motsin da ya kamata, wato awa ɗaya a kowace rana. Wani zai ce ai mu talakawan ƙauye wahala ma ta ishe mu motsa jiki. A da haka ne. Amma ku je ku dubi wanda aka raba da gonarsa, mi yake yi daga safe zuwa dare?

Nan ne namu ya bambanta da na sauran duniya. Su jin daɗi ya zaunar da su, mu tsoro ya zaunar da mu. Daga 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wajen Gidan Runji da kewaye. A watan Mayun 2020 aka kashe mutane sama da 70 a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni, cikinsu har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a yankinmu. A watan Disamban wannan shekarar aka ƙone matafiya cikin mota a wajen Gidan Bawa. A watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Allah ya jiƙansu baki ɗaya, ya ba iyalansu haƙuri.

Ku lura da abubuwa uku da duk wasannin da na lissafa suka dogara da su: dare, da fili a bayan gari, da hanya tsakanin ƙauye da ƙauye. Su ukun aka ƙwace mana. Farin wata da yara ke murna da shi ya zama abin fargaba. Wa zai kaɗa ganga da dare ya sanar da daji cewa ga jama'a a tare? Wa zai ɗauki samari ashirin ya bi da su hanya don kokawa? Azuzuwan makaranta da filayensu a wurare da dama sun zama masaukin 'yan gudun hijira. Saurayi mai shekara 18, wanda a da shi ke gaban gayya, yau yana cikin garin Isa ko Sabon Birni, ba gona, ba makaranta, ba jari, yana zaune gindin bishiya daga hantsi har magariba.

Ƙarfin saurayi kuwa kamar ruwan Rima ne da damina, in ba a yi masa hanya ba zai yi wa kansa. Samari ba sa zama babu shugaba. In babu sarkin samari, akwai mai sayar da ƙwaya, shi ma tsara ne, shi ma ya iya kira a amsa. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma kowa ya san abin da ke yawo a majalisu. Akwai ɗan siyasa mai neman 'yan rakiya. Akwai kuma na daji, wanda ke yaudarar yaro da babur da waya da jin cewa shi ma wani ne. Mu daina yaudarar kanmu: yawancin masu riƙe da bindigogin nan samari ne, kuma tsaransu ne suka ja su. Hanyar da ke kai yaro fagen kokawa ita ce ke kai shi daji, bambancin kawai wanda ke gaba.

MAGADAN DA BA A NAƊA BA

Duk da haka sarautar ba ta mutu ba, suna ta canza. Ku fita da la'asar ku duba duk wani fegi da ya rage a cikin gari. Za ku tarar da yara suna buga ƙwallo, wasu ba takalmi, an kafa duwatsu ko sanduna a madadin raga. A cikinsu akwai ɗaya da ke riƙe da ƙwallon a gidansu. Shi ke bin gida-gida yana kira. Shi ke karɓar naira hamsin-hamsin a ɗinke ƙwallo in ta fashe. Shi ke raba faɗa, shi ke cewa wane ba zai buga ba yau don an gan shi a buge. Suna ce masa kyaftin ko koci. Ni dai in na gan shi sarkin samari nake gani, sai dai shi ba wanda ya ba shi goro, ba wanda ya kai sunansa fada.

Na san irin yaran nan a unguwarmu. Akwai wanda ya haɗa 'yan gari da yaran da suka yi gudun hijira a kulob ɗaya, alhali manya suna ta ƙorafin baƙi sun cika gari. Bai yi taro ba, bai rubuta takarda ba. Yana neman mai tsaron gida ne, aka ce masa akwai wani yaro a cikin masu kwana a makaranta da ƙwallo ba ta wuce shi. Shi ke nan. Abin da kwamiti zai shekara yana tattaunawa, buƙatar mai tsaron gida ta gama shi da yamma ɗaya.

Don haka roƙona ba mai tsada ba ne, kuma ban ce a jira Abuja ko Sakkwato ba.

Ga iyayenmu sarakuna da hakimai da masu unguwanni: ku dawo da naɗin sarkin samari, amma ku bar samarin su zaɓa da kansu kamar da. In aka ba ɗan wane ko yaron ɗan siyasa, an kashe abin tun ran suna. Darasin Samariya yana gabanmu.

Ga ƙananan hukumominmu biyu: ku tsare filayen da suka rage. Duk filin makaranta ko na unguwa da aka yanka aka yi shaguna, an rufe wa yara ɗari ƙofa. Fili a tsakiyar gari, inda ido ke gani, shi ne abin da halin tsaro ya yarda da shi yanzu.

Ga malamanmu: tunda dare da kiɗa su ne abin saɓani, ga la'asar nan, ga bayan sallar asuba. Langa ba ta buƙatar ganga, ba ta buƙatar ko sisi. Almajirai ma suna da haƙƙin wasa, kuma kowace makarantar allo tana da babban ɗalibin da sauran ke jin maganarsa.

Kada kuma a manta da 'yan mata. Su ne suka fi kowa asara, don da dandali ya mutu ba a ba su komai a madadinsa ba. Namiji ya samu ƙwallo, mace ta samu zaman ɗaki. A cikin harabar Islamiyya ko makarantar 'yan mata, a tsakaninsu, ƙarƙashin babbarsu, babu abin da zai hana su gaɗa da tsallen igiya da guje-guje. Waɗannan su ne iyayen gobe, lafiyar jikinsu lafiyar zuri'a ce.

Ga 'yan uwanmu da Allah ya buɗa wa a Sakkwato da Kano da Abuja da Legas: in za ka taimaka, nemi yaron da ƙwallo ke kwana a ɗakinsa ka ba shi hannu da hannu, ka kira shi lokaci-lokaci ka tambaye shi yaya yaransa. Kofin da ake sa wa sunan mutum ana gab da zaɓe, a watse bayan an ƙirga ƙuri'a, mun gani mun gode.

Ban ce ƙwallo ko kokawa za su kore mana 'yan bindiga ba. Tsaron rai haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma ba za mu daina nema ba. Amma ranar da Allah ya kawo ƙarshen wanga bala'i, za a buƙaci masu komawa su tada kufai, su share gonakin da suka zama daji, su yashe rijiyoyi. Aikin gayya ne zai dawo, ko muna so ko ba mu so. Waɗanda suka kafa Tsibiri da Sabon Birni bayan an ci su da yaƙi ba su tarar da komai a wurin ba sai ƙaya, da samarin da suka saba tashi in ɗan uwansu ya kira aka gina su. In muka bar na yanzu suka shekara goma a gindin bishiya, ranar da aka kaɗa gangar wa zai fito?

Dattawan da ke bibiyata, da ku da ke da tsofaffi a gida, ku tambaya mana: wane ne sarkin samarin garinku na ƙarshe, kuma a wace shekara aka daina? 'Yan Gatawa, Tsamaye, Unguwar Lalle, Kurawa, Turba, Bafarawa, Gebe, Tozai, da 'yan uwanmu na Tsibiri da Maraɗi, kowa ya kawo abin da ya ji. Tarihin nan yana cikin kawunan mutanen da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya shirya mana zuri'a. Amin.